Talata: Sharon ɗin Baba direba da sensa uku

Tun kafin ƙarfe takwas na iso gareji, hazo ya rufe gari, sanyi na shiga har ƙashi. Na tarar Baba direba ya riga ni, yana zaune kan benci ya ƙudundune cikin bargo. Jiya da magariba ya kawo Sharon ɗinsa mai injin fetur 1.8 mai tobo, wadda yake jigilar Kano zuwa Jos da ita. Na ce ya bar ta ta kwana, kada kowa ya tayar da ita. Bai ji daɗi ba, don lodin asuba ya wuce shi, amma ya haƙura.

Kukansa shi ne, in ya wuce Saminaka ya fara hawa, sai motar ta yi nauyi kamar an ɗaura mata tirela. Ya taka totur, ta ƙi. Wutar cek ta kama. In ya kashe ya sake tayarwa ta ɗan saki, can gaba ta koma. Sau biyu ana sa mata kwamfuta a wasu wurare, sau biyun ana ce masa sensar zafin iska ce. Ya sayi ta Beljiyam, ya sayi sabuwa. Ya zaro leda daga aljihu ya nuna min biyun da aka cire.

"Ɗana, ko dai tobon ne ya mutu ake ɓoye min?"

Na ce, "Baba, bari mu ji ta bakin motar tukuna."

Dalilin da ya sa na ce ta kwana ke nan: motar da ta kwana a kashe, ruwan lagireto da iskar cikin inji da iskar waje duk zafinsu ɗaya ne, ko kusa da haka. Na murɗa makulli ban tayar ba, na jona kwamfuta. Ruwa digiri 16, iska digiri 17. Wannan kaɗai ya gaya min cewa sensar da ke jiki ba ta ƙarya, aƙalla a tsaye. Da na ga ruwa 16 iska 45, da magana ta ƙare nan take.

Sai na duba lambar matsala da ƙwaƙwalwar motar, wato na'urar da ke sarrafa inji, ta ajiye: P0112, wadda a lissafin Volkswagen take 16496, an kuma rubuta cewa tana zuwa tana tafiya. Yarona ya leƙo ya karanta, ya ce, "Oga, ai an ce siginar ta yi ƙasa. Ke nan tana ganin sanyi ya yi yawa." Nan ne kusan duk mai koyo yake faɗawa, ni ma na faɗa a zamanina. Na ajiye aiki na zana masa a ƙasa da tsinke. Ƙwaƙwalwa tana turo wuta bolt 5 zuwa sensar. Abin da ke cikin sensar, in ya ji zafi sai ya rage tare wuta, in ya ji sanyi ya ƙara. Da om ake auna wannan tarewar: a digiri 20 za ka samu om wajen 2,500, a digiri 60 ya sauko wajen 600. To in zafi ya ƙaru, wutar da ke kan wayar sigina sauka take yi. Saboda haka "ƙasa" a wannan lamba zafi take nufi, zafin da ya wuce hankali, irin wanda ake gani in waya ta taɓa jikin inji. Kishiyarta P0113, ita ce ta waya da ta tsinke ko soket da ya zare, a nan ne za ka ga kwamfuta ta rubuta wajen -40, sanyin da Kano ba ta taɓa gani ba.

Na zare soket ɗin a gabansa ya gani da idonsa, lambar zafin ta faɗi warwas. Na mayar, ta dawo 17. Sannan na karɓi ledar Baba, na sa mita a kan tsofaffin biyun. Kowacce ta ba ni kusan om 2,800. Na riƙe ɗaya a tafin hannu, lambar ta riƙa sauka a hankali, ba tsalle. Ɗayar na kara ta jikin kofin shayina, ita ma haka. Lafiyarsu ƙalau. Ta asalin dai bakinta ya yi danƙo da baƙin mai, abin da ba a rasa shi a injin tobo tunda tururin mai yana bin bututun iska, amma wanki kawai take so. Baba ya yi shiru yana kallon kuɗinsa a tafin hannuna.

Abin da ke sa wannan ƙaramar aba ta zama babba a motar tobo shi ne, tobo matse iska yake yi, iska kuwa in an matse ta zafi take ɗauka, tana iya haura digiri 100 a bakin tobon. Shi ya sa ake bi da ita ta intakula ta huce kafin ta shiga inji, sensar kuma tana can bayansa, a jikin manifol, wato bututun da ke raba wa inji iska, tana ba da rahoto. Iska mai zafi tana sa fetur ya kama kafin lokacinsa, inji ya yi ƙara irin ta ƙwanƙwasa, fistin ya ci wuya. Don haka da ƙwaƙwalwa ta ji an ce zafi, sai ta ja taimin baya, wato ta jinkirta lokacin da fulogi ke ba da wuta, ta rage wa tobo ƙarfi. Nauyin da Baba yake ji a hawan Jos, motar ce take kare kanta daga wutar da aka ce mata ta tashi.

Sai dai zafin na iya zama gaskiya, kuma ban so in yi irin gaggawar da aka yi masa a baya. Na sa yaro ya kwanta ya duba intakula. Ƙura da busasshen laka sun cike rabin haƙoransa, muka wanke. Amma ban yarda shi ne mai laifin ba. Zafin gaskiya a hankali yake hawa, 35, 40, 48, kamar yadda ake gani in an daɗe a cunkoso. Ba ya sa ƙwaƙwalwa ta ajiye lambar matsalar waya irin P0112.

Wajen sha ɗaya muka fita gwaji titin Zariya, Baba na tuƙi, ni ina gefe da kwamfuta a cinya. Har Na'ibawa lambar tana wasa tsakanin 31 da 36. Na ce ya sa giya ta uku ya taka da ƙarfi. Tobo ya ɗauka, kafin ƙiftawar ido lambar ta tashi daga 34 ta haura 130, ta dawo. Motar ta yi wani luuu. Baba ya ce, "Yauwa! Ka ji ta ko?" Babu iskar da ke yin haka cikin daƙiƙa ɗaya.

Muka dawo. Na bar ta a silo, na bi wayoyin ina girgizawa da hannu, yaro yana kallon allo. Shiru. Na kusa minti arba'in ina wannan lalube, har na fara zargin ƙwaƙwalwar kanta, abin da ba na so in furta a gaban mai mota don na san kuɗinta. Sai na tuna ba ta yi sai an taka. Na sa Baba ya ja burkin hannu, ya sa giya ya ɗan saki kuloci, na tsaya gefe ina kallo. Injin ya tashi ya karkata fiye da kima, robar mawuntin ɗaya, wato matashin da inji ke zaune a kai, ta tsage. Da ya karkata sai kunshin wayoyin ya goga da wani ƙarfen maƙali a ƙarƙashin manifol. Wani da ya taɓa sauke injin bai mayar da kilif ɗin da ke riƙe su ba, ya ɗaure da guntun roba. Na buɗe salatif ɗin, ga wayar sigina ta ɓare, jan ƙarfenta yana ƙyalli, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Gyaran bai ci minti ashirin ba. Na yanke wurin, na yi masa dalma, na rufe, na canza wa kunshin hanya. Mawuntin aikin bakanike ne, na tura shi wajen maƙwabcina, suka aika Ƙofar Ruwa aka sayo. Bayan la'asar muka sake fita, ya taka iya son ransa, lambar ba ta wuce 41 ba.

Wajen biya ne muka ɗan ja. Ya ce, "Haba ɗana, 'yar wayar nan?" Na ce, "Baba, ai ba wayar za ka biya ba, neman ta za ka biya." Ya yi dariya, ya rage wani abu duk da haka, na bar masa don ya sha asara tun kafin ya zo wurina. Na wanke sensarsa ta asali na ce ya ajiye a aljihun mota. Ta Beljiyam ɗin ya bar wa yaro, wanda tun ɗazu yake tsoma ta a ruwan zafi yana rubuta lambobi a bayan kwali.

Bayan hannuna ya yanku a ƙarƙashin manifol ɗin nan, sai da na zo alwalar isha na ji zafinsa. Baba ya ce gobe in ya haye Jos zai kira ni.