Shafi na 14

Talata. Kuran ya tafi tun ƙarfe goma, muka kwashi benci muka koma gindin dogon yaro da kwamfutoci uku masu sauran caji.

Ina koyar da JavaScript, harshen rubuta umarni ga kwamfuta, ina cikin bayanin jeri, tablo kamar yadda yaran ke cewa, sai yarinyar nan ta unguwar Zariya mai zaman baya ta ɗaga hannu. Tun da ta fara zuwa ban taɓa jin muryarta ba.

"Malam, don Allah ku duba mini. Kwana uku ina bin takardarku, undefined kaɗai yake ba ni. Ina ga kaina ne ba ya ja."

Undefined, wato ba wata ƙima da ta fito. Na karɓa da murmushin nan na wanda ya riga ya san inda ɗalibi ya yi tuntuɓe. Kuɗin buhun gero, na wake da na gyaɗa ta jera, tana son ƙara jikka ɗaya a kan kowanne da umarnin forEach, ta ajiye sakamakon. Na ce ai forEach ba ya maido komai, bin jerin kawai yake ɗaya bayan ɗaya, in sabon jeri kike so map za ki kira. Ba ta ce uffan ba. Ta buɗe shafi na 14, ta ɗora yatsa. Rubutuna ne, da faransancina: forEach yana maido sabon jeri.

Abin da ya fito bakina shi ne, "Kuskuren bugu ne." Ƙarya. Ba madaba'a, ba sakatare, ni na zauna na rubuta shi bara waccan.

Bayan la'asar wuta ta dawo, na ɗora takardar kusa da MDN, shafin intanet mai bayanin JavaScript, ina bi layi-layi. Ashe da saura. A shafi na 15 na nuna ana tsayar da forEach da break, umarnin katse zagaye, alhali ba ya karɓa, sai dai a yi amfani da for...of ko some. Wajen reduce kuma, mai dunƙule jeri ya koma ƙima ɗaya, ban faɗi cewa jeri fanko ba tare da ƙimar farawa ba saƙon kuskure na TypeError yake jefowa ba. Na gyara duka, na ƙara da tarkon map a kan parseInt (mai juya rubutu ya zama lamba), inda "1", "2", "3" ke komawa 1, NaN, NaN, wato "ba lamba ba", don map na miƙa lambar gurbi, parseInt kuwa ya ɗauke ta a matsayin tushen ƙidaya.

Gyaran bai ci minti arba'in ba. Amma fotokofin da na raba fa? Ga wadda ke yawo a WhatsApp. Sai tuna samarin nan biyu nake da suka daina zuwa bara, daidai makon da muka shiga wannan babi. Lokacin cewa na yi ragwanci ne.

Inna ta aiko da fura, tana nan ban taɓa ba. Auta na damuna da zancen cajarsa.

Yarinyar ba ta cikin rukuninmu na WhatsApp, wayar yayanta take ara. Sai Alhamis za ta dawo.