Asabar, bayan koyon waƙa

Safiya lafiya lau. Rifkatu ta dama kunun dawa, na sha, na shiga kasuwar Zuru neman tsirkiyar jita, siririyar nan ta ƙasa da Bitrus ya tsinka ranar Laraba. Babu. Mai shagon ya ce sai ƙaninsa ya dawo daga Kontagora. Haka muka koma dabararmu ta da, muka warware wayar birkin keke, muka zaro sili ɗaya muka ɗaura. Tana ba da sauti, sai dai tana cin yatsa. Ga hunturu kuma ya busar da katakon, kana gama saita ta, waƙa biyu ta sake saki.

Duk da haka koyon yamma ya yi daɗi. Ishaku ya kama F yau! Wanda ya taɓa riƙe jita ya san abin da nake nufi. Kamun yatsu na G da C da D kowa na samu, amma na F, inda za ka kwantar da manuniya ta danne tsirkiya shida gaba ɗaya, sauti ya fito tas, sai yatsu sun yi kanta. Yaran suka yi ta ihu suna buga benci. Shi dai murmushi kawai ya yi ya sunkuyar da kai.

Muna kwashe kaya sai Baba Dattijo ya yafito ni daga gindin dalbejiya. Na je na durƙusa.

"Sannu da hutawa, Baba."

"Yauwa, ɗana. Kun gama wasan naku?"

Wasa. Na haɗiye, na ce mun gama koyo, Baba. Ya ce yana da tambaya ɗaya. Lahadin da ta wuce, da aka ɗauke wuta ana tsakiyar yabo, janareta kuma ya ƙi tashi, me ya faru? Na ce mun ɗan dakata. Ya ce, "Ba ku dakata ba, kun yi shiru ne. Majami'a cike da mutane, an rasa mai ɗaga murya, sai da matan zumunta suka jawo tulu da caki suka fitar da mu kunya. Ashe in wuta ta ɗauke, yabonku ma ya ɗauke?" Ya ɗaga Littafin Waƙoƙinsa, wanda bangonsa ya sha ɗinki da zare, ya ce su da wannan kaɗai suke tafiya ƙauyuka wa'azi a ƙafa, har wajen Ribah, kuma ba wanda ya taɓa jiran lasifika.

Na ce masa Zabura ta 150 ta ce a yabi Ubangiji da kayan kiɗa masu tsirkiya, ta 33 ma ta ce a kaɗa da gwaninta. Ya ce ya san Zabura tun ba a haifi ubana ba, kuma shi bai ce jita zunubi ba ce. Abin da ya dame shi, jama'a sun daina raira waƙa, sun koma kallon masu kiɗa. Daga nan ya yi nuni da haɓa wajen Ishaku. "Wancan yaron, aya nawa ya haddace?"

Nan ne raina ya ɓaci, har yanzu kuma bai sauka ba. Maganar shirun nan ta Lahadi gaskiya ce, ina wurin, na ji nauyinta. Jitar lantarki da bes da kibod in suka haɗu suna danne muryar tsofaffi, mu kuma muna son sababbin amshi da ba su sani ba. Wannan abin gyarawa ne, a rage ƙarar lasifika, a riƙa sa waƙoƙin littafi. Amma Ishaku? Kun san yadda ya zo. Lokacin da suka gudo daga wajen Wasagu shi da mahaifiyarsa, yaron nan ko gaisuwa ba ya amsawa. Makarantar Lahadi ba ta riƙe shi ba, wa'azi bai riƙe shi ba. Bakin taga yake tsayawa yana kallon hannun Bitrus, har ranar da na miƙa masa tsohuwar jitar katakon nan na ce riƙe mini. Yau shi ne farkon zuwa, shi ke share wurin, shi ke zama har a yi addu'ar rufewa. Makon jiya da bakinsa ya roƙa a yi wa mahaifiyarsa addu'a. A wane ma'auni za a ce wannan wasa ne?

A 1 Sama'ila sura 16, da mugun ruhu ya addabi Saul, ba mai wa'azi fadawansa suka nemo ba, wanda ya iya kiɗa suka nemo. Dawuda ya kaɗa, sarki ya sami sauƙi. Ban faɗa wa Baba wannan ba, don da na sake jawo aya sai ya zama ina jayayya da babba a gaban yara. Na ce, "To Baba, mun ji." Ya ce in gaida Rifkatu.

Ayoyin za su zo, na tabbata. Yaron da ke raira Zabura da jita a cinyarsa haddacewa yake yi, ko bai san yana yi ba. Abin da nake tsoro shi ne maganar ta kai zaman dattawa, a ce a rage kwanakin koyo. Samarin nan in ba su zo nan da yamma ba, na san inda za su zauna, na kuma san abin da ake sayarwa a wurin.

Tuwo ya huce kafin in ci. Pasto bai ɗauki waya ba.

Gobe zan ce wa Bitrus waƙar farko a yi ta da jitar katako kawai, a kashe lasifika, daga cikin littafi, wadda Baba ya sani. Ishaku ne zai kaɗa. Ban gaya masa ba tukuna, kada ya kasa barci.