Sowore: mutumin da ya mayar da nisa jari

Duk wanda yake bin labarai a intanet tun wajajen 2009 ya san yadda Sahara Reporters ta riƙa hana manya barci a ƙasar nan. Mai ita, Omoyele Sowore, ɗan jihar Ondo ne, an haife shi a 1971, kuma shi ba aikin jarida ya karanta ba ma, ilimin labarin ƙasa ya yi a Jami'ar Legas inda ya shugabanci ƙungiyar ɗalibai a farkon shekarun 1990, lokacin Babangida da rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni, ya sha kamu ya sha duka. Daga baya ya tsallaka Amurka ya yi digiri na biyu a Jami'ar Columbia, sai a 2006 ya buɗe shafin a birnin New York.

Ba injin buga jarida, ba motar rarrabawa, ba 'yan talla a bakin titi. Kwamfuta ce da waya, sai mutanen gida masu turo masa takardu. Ni a ganina babban jarin Sowore ba kuɗi ba ne kuma ba iya rubutu ba ne, don wallahi wani labarin nasu in ka karanta kamar a fusace aka rubuta shi, jarinsa kawai shi ne yana inda hannu ba ya kaiwa. Edita a Legas ko Kaduna in ya taɓa gwamna, ai an san ofishinsa, an san inda yaransa ke karatu, in ma ba a turo jami'an tsaro ba sai a janye tallan gwamnati a bar shi da albashin ma'aikata a wuya. Shi kuwa wa za ka aika ya rufe masa ofis a Manhattan? Ga dokar Amurka ta tsaya masa, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1964 mai riƙe da muƙami ba ya cin shari'ar ɓata suna sai ya nuna da gangan aka yi masa ƙarya ko kuma ba a damu da bincikawa ba, sannan a 2010 suka ƙara wata doka da ta sa hukuncin ɓata suna na kotun wata ƙasa ba ya aiki a can sai ya dace da tasu dokar. Kuɗin tafiyar da shafin kuma akwai tallafin gidauniyoyi irin su Ford da Omidyar, ya ce shi ba ya karɓar na gwamnatin Najeriya.

Dabarar ba sabuwa ba ce fa. Zamanin Abacha an yi Rediyo Kudirat, su Wole Soyinka da Kayode Fayemi suna watso shiri daga waje ta gajeren zango. Bambancin kawai intanet ta sa abin ya yi arha.

Inda ya yi suna sosai a wurinmu 'yan Arewa shi ne rashin lafiyar marigayi Umaru Musa 'Yar'adua. An fita da shi Jidda ranar 23 ga Nuwamba 2009, fadar shugaban ƙasa ta yi gum, ministoci na ta cewa yana samun sauƙi, ƙasa ba shugaba ba muƙaddashi har sai da majalisa ta ɗora Jonathan a Fabrairun 2010, aka dawo da shi Abuja cikin dare, Allah Ya yi masa rasuwa 5 ga Mayu. Duk tsawon watannin nan Sahara na ta sakin abin da jaridun gida ke tsoron taɓawa. Da yawa a lokacin sun tsane shi, ana cewa ɗan Kudu ne ke yi wa namu fatan mutuwa, amma dai a ɓoye kowa shafin yake leƙawa. A tsakiyar wannan ne kuma aka yi batun Umar Faruk Abdulmutallab, ɗan Najeriyar da ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin Detroit ranar Kirsimeti, su suka riga kowa fitar da hotonsa.

To amma akwai abin da ba a cika faɗa ba. Labarin ai ba a New York yake faruwa ba. Wani akawu ne a ma'aikata ya ɗauki hoton takarda da wayarsa, wani dogari ne ya ji magana, wani ƙaramin ɗan jarida ne editansa ya ƙi buga labarinsa sai ya tura can, kuma in asiri ya tonu su za a kora ko a tsare, sunan kuma na Sowore ne, kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi kenan. Sannan nisan da ya kare shi daga azzalumi shi ne dai ya kare shi daga wanda aka zalunta, in sun buga ƙarya a kanka, kai talaka ko ƙaramin ma'aikaci, ina za ka kai ƙara? Bukola Saraki da yake da ƙarfi ya je kotu a Ilorin a 2017 aka ce su Sowore su biya shi diyyar Naira biliyan 4, aka yi ta jan shari'a, amma mutum nawa ne Saraki?

Sai kuma ya dawo gida ya shiga siyasa, ya kafa jam'iyyar AAC a 2018, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2019 ya samu ƙuri'a dubu 33 da ɗoriya. Ranar 3 ga Agustan shekarar DSS suka ɗauke shi a Legas, kwana biyu kafin zanga-zangar juyin juya halin da ya kira. Kotu ta ba da beli aka ƙi sakinsa, da aka sake shi a Disamba washegari jami'an suka biyo shi har cikin kotu ana kokawa a gaban alƙali, bidiyon ya zaga duniya, sai ranar 24 ga watan ya fito, shi ma da sharaɗin kada ya bar Abuja. Matarsa da yaransa suna New Jersey, bai sake taka Amurka ba sai 2024 da gwamnati ta janye tuhumar cin amanar ƙasa. Mutumin da shekara goma sha uku aka rasa yadda za a yi da shi, yana shigowa hannu aka nuna masa.

Jaafar Jaafar na Daily Nigerian shi tafiyarsa ta juya ce, a gida ya fara, ya saki bidiyon dalolin nan a 2018 wanda Ganduje ya musanta, zuwa 2021 ya ce rayuwarsa na cikin haɗari ya koma Birtaniya, jaridar kuma ba ta tsaya ba.

Jarumtar Sowore ba na jayayya da ita, zai iya zamansa a Amurka lafiya lau ya zaɓi ya zo. Amma tun da mai jarida ya zama ɗan takara, ya sake tsayawa a 2023, ni dai in Sahara ta saki labari a kan wani ɗan siyasa yanzu sai na tsaya na ga ko Premium Times ko BBC Hausa sun tabbatar kafin na tura wa kowa a WhatsApp.