Alhamdulillahi an haska: godiyata ga waɗanda suka tsaya mana

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi. Jiya da daddare aka haska fim ɗin da na shirya, aka tashi lafiya, kowa ya isa gidansa lafiya. Ni dai tun da na shigo ban runtsa ba. Na idar da sallar asuba na zauna a kan darduma da waya a hannu, na ga saƙonni sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya. Muryata ta dishe, ƙafafuna sun kumbura. Ku yi mini uzuri, wannan rubutun shi ne amsar kowa.

Ba sai na maimaita muku labari ba, da ku aka yi komai. Kun ga ranar da na fara saka lambar asusu a Facebook don neman gudummawar yin fim ɗin, ina jin kunya kamar in nutse, kun ga lokacin da aiki ya tsaya, kun ga watannin da na yi shiru har wasu suka fara tambaya ko kuɗin jama'a ya bi ruwa. Ban ji haushin masu tambayar ba, haƙƙinsu ne.

Kowa ya san yadda sana'ar nan ta koma. A da ɗan kasuwar Ƙofar Wambai ke ba furodusa kuɗi tun ba a kunna kyamara ba, ya fanshe abinsa a faifai. Satar fasaha da tura fim a waya suka kashe faifan, aka koma fim mai dogon zango a YouTube, wanda ya yi sa'a kuma ya samu shiga Arewa24. Ni kuma sai ga ni da fim guda ɗaya mai farko da ƙarshe, babu rawa, babu waƙa, babu sananniyar fuska a fasta. Duk benen da na hau neman kuɗi a titin Gidan Zoo na Kano, inda ofisoshin 'yan fim suke, tambaya biyu ake yi mini: wane ne jarumin, waƙa nawa ce a ciki? In na ba da amsa sai a ce labarin ya yi kyau, Allah Ya ba da sa'a. Shi ya sa kuɗin fim ɗin nan bai fito daga hannun masu hannu da shuni ba. Ya fito daga dubu ɗaya da ɗari biyar ɗin da kuka riƙa turowa, da babur ɗina da na sayar, da kwasar adashin Umma wadda matan layinmu suka yarda a matso da ita gaba saboda ni, da 'yan kunnen Yayata da ta cire ta ba mijinta ya kai kasuwa ba tare da ta gaya mini ba. Akwai wani ɗalibi da ya turo naira ɗari uku, ya biyo da saƙo cewa kuɗin motarsa ne, zai taka a ƙasa. Har yau saƙon yana wayata. Ɗan'uwa, ban san fuskarka ba, amma Allah Ya san ka. Allah Ya hore maka abin hawa na halal.

Na san ba al'adarmu ba ce a tsaya ana zayyana wanda ya yi alheri, kuma da yawanku kun ja mini kunne. Zan kiyaye sunaye. Amma akwai mutum ɗaya da in na yi shiru a kanta, ban yi godiyar ba. Iya, ki yafe mini.

Waɗanda suka zo jiya sun gan ta, ita ce ta fito a kakar yarinyar da ke cikin fim ɗin. Mutane da dama sun tare ni a bakin ƙofa suna tambayar a ina na samo ta, wai ba su taɓa ganin ta a fim ba. To, ba ta taɓa yi ba. Ranar da muka yi aikin tantance 'yan wasa a ajin wata firamare da aka ara mana ran Asabar, jama'a sun zo daga Fagge, Kurna, Hotoro, Gyaɗi-Gyaɗi, wasu daga Zariya da Katsina, har da samari biyu daga Maraɗi. Mun wuni muna neman tsohuwa ba mu samu ba. Duk wadda ta gwada sai ta ranƙwafa ta riƙa karkarwar murya, ni kuma ba irin wannan tsohuwar nake nema ba. Iya kuwa rakiya ta yo. Jikarta ce ta zo gwaji, ita kuma ta ce yarinya ba za ta shiga cikin 'yan fim ita kaɗai ba. Tana zaune a benci a baranda, sai na jiyo ta taga tana yi wa wani yaro faɗa a kan ya tsallake ƙafar babba bai ce komai ba. Ba ta ɗaga murya ba, amma barandar ta yi tsit. Na ajiye takardar hannuna na fita na durƙusa na gaishe ta.

Wata guda muna kai gwauro muna kai mari kafin 'ya'yanta maza su amince. Ban ga laifinsu ba, na san abin da ake faɗa a gari a kan ɗan fim. Da suka yarda kuma sai ga wata: Iya ba ta karanta boko. Malamin makarantar allon layinmu ne ya zauna ya juye mata duk maganganunta zuwa ajami, da alƙalami da tawada, dare uku, ya ƙi karɓar ko sisi. Malam, Allah Ya ƙara wa rayuwarka albarka. Ita kuma ta karanta sau ɗaya ta ninke takardar ta ce, "Ɗan nan, ba haka tsohuwa ke magana ba." Kusan duk abin da kuka ji ta faɗa jiya, ita ta gyara shi da bakinta, kuma nata ya fi nawa.

Mun shiga lokeshin, wato wurin ɗaukar fim, a Fabrairun 2023, a wani ƙauye ta wajen Tiga, mu ashirin da huɗu. Ba sai na tuna wa kowa wane wata ne wannan ba. An canza 'yan ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya, wa'adin tsofaffin ya cika ranar 10 ga wata, sababbin kuma babu su. A ƙauye ba mai karɓar taransifa. Mai itace tsaba yake so, mai awon gero tsaba, mai man janareta tsaba. Mai POS in ma yana da kuɗin, sai ka bar masa dubu biyu kafin ya ba ka goma. A kwana na tara mai kula da hidimar tafiyarmu ya fita tun asuba zuwa gari, ya wuni a layin banki, ya dawo bayan magariba da dubu biyar a aljihu, idonsa ja wur saboda ƙura. A ranar ce kuma mutumin da ya yi alƙawarin cika mana rabin kuɗin aiki ya kashe wayarsa. Ba zan ƙara komai a kansa ba, mun haɗu daga baya, na gaishe shi.

Da daddare kowa ya ci ɗan abin da ya rage ya kwanta. Ni na zagaya bayan gidan da aka sauke mu na zauna a gindin rumbu. Sanyin hunturu yana ratsa ƙashi amma gumi nake yi. Ban taɓa jin tsoro irin na daren nan ba. Ba tsoron fim ya lalace ba, a'a. Fuskar matan adashin nan nake gani ɗaya bayan ɗaya, da kunnen Yayata babu komai a jiki. Ga 'ya'yan mutane na ɗebo na kawo daji, gobe babu abin karyawa, babu ma kuɗin man da zai mayar da su Kano. Na shirya maganar da zan faɗa musu da safe, na maimaita ta ya fi sau goma, kowane karo sai ta maƙale mini a wuya.

Sai na ga hasken cocila yana tahowa a hankali.

"Wane ne nan? Ɗan nan, kai ne zaune cikin duhu kamar wanda aka yi wa rasuwa?"

Na ce, "Lafiya lau, Iya, iska nake sha."

"Iska a wannan sanyin? Tun la'asar nake kallon ka, ko ruwa ba ka kai bakinka ba."

Ban san lokacin da na gaya mata komai ba. Ta saurara ba ta katse ni ba, ta juya ta tafi. Na ɗauka ta je ta tashi jikarta su haɗa kaya. Jim kaɗan ta dawo da wani abu ƙunshe a tsohon ɗankwali, ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta kwance. Gwangwanin madara ne babba. Iya mai waina ce, shekara da shekaru tana suya a ƙofar gida, ba ta taɓa buɗe asusu a banki ba, duk inda za ta kwana da gwangwaninta take tafiya. Ta buɗe murfin, ƙamshin man gyaɗa ya bugi hancina. 'Yan ashirin ne da 'yan hamsin da 'yan ɗari, an ɗaɗɗaure su da zare, duk sun yi laushi saboda maiƙo. Waɗannan ba a canza su ba, suna nan da darajarsu. A ƙasa kuma tsofaffin 'yan ɗari biyu, waɗanda kwana biyu kacal kafin nan, ranar 16 ga wata, Shugaba Buhari ya yi jawabi ya ce a ci gaba da karɓar su. A wannan makon, abin da ke cikin gwangwanin mai waina ya fi abin da ke asusun attajiri amfani.

Na ce, "Iya, wannan kuɗin mene ne?"

Ta ce, "Na kayan ɗakin yarinyar nan ne nake tarawa. Miji bai fito ba tukuna. Riƙe mini fitilar mu ƙirga."

Na ce ba zan iya karɓa ba. Ta dube ni irin kallon da ta yi wa yaron nan a baranda, ta ce, "Ni na bar kaskona kwana tara na zo nan, ka ce mini a koma ba a gama ba? Ƙirga."

Muka ƙirga, hannuna yana rawa, ina ɓata lissafi tana gyara mini. Dubu arba'in da bakwai da 'yan kai. Da ta tashi ta ce kada kowa ya ji, ko jikarta. Da safe aka sayo gero da itace da mai, matan gidan mai unguwa suka dama mana kunu suka ƙi karɓar ladan aiki, aka kunna kyamara ƙarfe takwas kamar ba abin da ya faru. Fitowar nan da ta sa zauren ya yi shiru jiya, inda kaka ke tsefe wa yarinya kai tana ba ta labarin mahaifiyarta, a safiyar nan muka ɗauke ta, sau ɗaya tak. Mai ɗaukar hotonmu ya ɗago daga bayan kyamara yana share ido da hularsa. Shi bai san abin da ya faru da daddare ba. Ni da na sani, fita na yi.

Kuɗin ya riƙe mu kwana huɗu, muka tattara muka dawo gida kafin zaɓen 25 ga wata da sauran fitowa goma sha ɗaya. Sauran kun san shi. Azumi ya zo, damina ta sauka, gonakin da muka ɗauka a bushe suka yi kore shar, dole muka jira wani hunturun. Kafin nan an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, litar da muka yi lissafi a kan ƙasa da ɗari biyu ta haura ɗari shida, yarinyar kuma ta ƙara tsawo har sai da tela ya sake ɗinka mata irin kayan da ta sa a farko. Kuɗin farko da ya shigo hannuna na kai wa Iya nata, na ɗora wani abu a kai. Ta ƙirga a gabana, ta zare abin da na ƙara ta miƙo mini. "Rance na ba ka, ba ciniki muka yi ba."

Ya Allah, Ka san abin da baiwar nan taKa ta yi a daren da babu mai gani sai Kai. Ka saka mata da gidan Aljanna. Ka ba ta lafiya da tsawon kwana mai amfani, Ka kai ta ɗakinKa ta yi ɗawafi da ƙafafunta. Ka fito wa jikarta da miji nagari, Ka cika ɗakin nan da kayan da ba ta taɓa zato ba. Ka jiƙan mijinta da iyayenta da duk nata da suka riga mu gidan gaskiya. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Ga yaran aiki, mai ɗaukar hoto, mai sauti, mai fitila, mai kwalliya, mai kula da kwantiniti, wato mai rubuta yadda kaya da komai suke a kowace fitowa don kada a saɓa, wadda littafinta ne ya cece mu da muka koma bayan wata goma, da editan da ya yi ta kwana a gaban kwamfuta yana jiran a kawo wuta: kun yi aiki rabin sallama, wasunku ba sallamar ma. Allah Ya buɗa muku ƙofofin da ba ku ƙwanƙwasa ba. Na gode wa ma'aikatan Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da suka nuna wa sababbin 'yan wasanmu yadda ake rajista, da dattawan MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar fim, da suka ba ni shawara lokacin da nake neman ta. Mutanen ƙauyen da suka ba mu ɗakunansu suka koma kwana a zaure, mai unguwa da iyalinsa, direban bas ɗin da ya yarda a biya shi bayan wata uku, Allah Ya ba ku damina mai albarka, Ya tsare ku a hanya. Maiɗakina, ke kin san abin da kika haɗiye a shekarun nan, ba na Facebook ba ne. Umma, addu'arki ce.

Jiya na ware layi guda na kujeru a gaba saboda dangi. Da ƙafata na bi gida gida na kai kati, ban aika yaro ba. Gwaggona ta Fagge ta zo da sandarta, Allah Ya ƙara mata lafiya, ita da 'ya'yanta biyu. Sauran kujerun haka suka zauna har aka kashe fitila, sai na ce a kira yaran da ke tsaye a baya su zauna. Na san akwai uzuri, na kuma san akwai waɗanda har yanzu suke ganin ɗan gidan malamai bai kamata a gan shi da kyamara ba. Ba komai. Na so dai a ce sun zo sun gani da idonsu kafin su yanke hukunci. Allah Ya bar zumunci.

Iya kuwa a tsakiyar layin ta zauna. Da fuskarta ta cika allon sai ta ja mayafi ta rufe ido tana salati, jikarta tana janye mata hannu. Da aka tashi na durƙusa na roƙe ta izinin ba da labarin gwangwanin. Ta ce, "Kai dai ba ka da sirri." Ba ta ce a'a ba, shi ya sa na rubuta.

Waɗanda ke bi na bashi, ina sane da kowa, a rubuce yake a littafi. Yaran aiki mu haɗu ran Asabar bayan la'asar a inda muka saba, a fara rage abin da ya samu daga kuɗin ƙofa. Masu tambayar yaushe za a sake haskawa da yaushe zai hau intanet, ku ba ni mako guda. Wanda na manta ban ambata ba ya yafe mini, gajiya ce. Wanda na ɓata wa rai a lokeshin, na ɗaga masa murya cikin zafin aiki, don Allah ya yafe mini shi ma.

Zan kashe wayar nan in ɗan kwanta. Wanda ya kira bai same ni ba ya yi haƙuri zuwa la'asar.

Wassalamu alaikum.