Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Fankar Hita

Makon jiya na tsaya a inda Baba ya damƙa ni a hannun Kawu a Jos don in koyi gyaran mota. Wasu cikin dangi sun kira ni, wai na yi wa Yaya Babba, ɗan gidan Kawu, rashin adalci. Ban janye ko kalma ɗaya ba.

Wanda bai yi hunturu a Jos ba ba zai gane abin da ke sa direba ya damu da hita ba. A Kano in fanka ta mutu, sai a sauke gilashi a ci gaba da tafiya. Amma masu ɗauko dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu da asuba suke tasowa don su riski kasuwar Farin Gada, tururin numfashinsu ya rufe gilashin gaba, ba mai share shi sai iskar fankar nan. Irin motar da aka kawo mana ke nan, tsohuwar Hilux da ta sha kaya.

Kawu ya murɗa makunnin fankar, mai lambobin ƙarfin iska. Ƙananan lambobi shiru, sai ta ƙarshe ce ta tashi da kuka. Ya ce resista, mai rage wa fanka wuta don ta juya a hankali, ta ƙone, domin lambar ƙarshe ba ta bi ta cikinta, kuma fankar ce ta ƙona ta, tunda in ta yi nauyin juyawa wuta take ja fiye da ƙima. A canza resista a bar fanka, mai mota zai dawo da zagi.

Yaya Babba aka fara ba aikin, shi ne ɗan gida. Ya kwance sukuru biyu, ya sa sukudireba yana ɓanɓara, har robar gidan fankar ta tsage. Kawu bai ɗaga murya ba, ya ce: "Wanda ya ɗaura ta bai sa guduma ba." Sannan ya dube ni: "Kai, ɗan Yaya, shiga."

Na cire wayar batir ta jikin bodi tukuna. Na sauke aljihun dashbod, na kwanta rigingine, kaina a wurin ƙafar fasinja, ƙafafuna a kan kujera. Na zare soket. Sukuru uku ne ke riƙe da ita, na ukun yana can ciki wajen bangon inji, ido ba ya kai wa, sai yatsa. Da ya kwance na tallabe ta da tafin hannu, na ɗan juya ta a hankali don kada fukafukan robar su karye, ta sauko. Sheƙar ɓera ce a ciki, da ɓawon gyaɗa da ƙura. Kabon da ke kai wa injin fankar wuta ya cinye, bushin da sandarta ke juyawa a ciki ya bushe ƙayau.

Wanda ya ɗaura ta bai sa guduma ba. Bayan rikicin 2001, da muka koma Kano na buɗe rumfata kusa da Ƙofar Ruwa, maganar da na fara faɗa wa yarana ke nan. Ko a zancen auren Ummi ita na faɗa wa babarta.

To, aka aike ni kasuwar Dilimi sayen kabon da resista, a ƙafa. Na dawo, na wanke, na sa mai, na mayar. Da mai mota ya zo ya ji iska mai ɗumi a kowace lamba, ya ciro tukwici, Yaya Babba ne ya miƙa hannu ya ce, "Ai ta ba ni wuya, Alhaji." Kawu yana zaune a benci, ya ji, bai tanka ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya koya mini abin da nake ci da iyalina, amma shirun nan ya fi tukwicin yi mini ciwo. Kuma da aka zo rabon kayan aikinsa bayan rasuwa, wannan hannun ne ya sake miƙewa ya ɗauke akwatin sifanoni, wanda Inna shaida ce ni aka yi wa alkawarinsa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda na fara zuwa Panteka a Kaduna.