Kakar wasan da NC State ta hana ni barci

Jama'a, har yau ban manta da azumin 2024 ba, saboda ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka. Ƙungiyar da nake bi, NC State, wato ta jami'ar jihar North Carolina, ta kammala wasannin kaka da cin 17, an ci ta 14, huɗun ƙarshe duk kashi ta sha. Wallahi na riga na cire rai, har na daina duba sakamako.

Sai ga gasar ACC, wato gasar ƙarshen kaka ta rukunin jami'o'in da NC State ke ciki. Wasa 5 cikin kwana 5, duk suka cinye! Ranar da ɗan wasanmu Michael O'Connell ya wurga ƙwallon nan daga nesa a daƙiƙar ƙarshe gaban Virginia, na yi ihu cikin dare har Hajiyarmu ta leƙo tana cewa, "Kai lafiya kuwa?" Sahur ma a tsaye na yi.

Abin da ya fi burge ni shi ne Mohamed Diarra, ɗan Faransa, yana azumi yana fafatawa. Ga DJ Burns, ƙato amma hannu kamar na tela.

Daga nan suka shiga gasar jami'o'i ta ƙasa baki ɗaya, har sun kai zagayen kusa da na ƙarshe, rabonsu da shi tun 1983. Purdue ta tare su da ci 63 da 50. Na kashe waya, na kwanta shiru.