Numfashina ya narkar da ita

Ni da na tashi a Zariya, ƙanƙarar da na sani ita ce wadda ke zubowa da ruwan damina ta yayyaga ganyen masara. Dusar ƙanƙara kuwa, sai da karatu ya kai ni jihar Vermont ta Amurka na taɓa ta da hannu. A can, a tsohon gidan niƙa na ƙauyen Jericho, na ga hotunan Wilson Bentley, manomin garin da ya haɗa kyamara da madubin ƙara girman abu ya ɗauki hoton ƙwayar dusar guda ɗaya a Janairun 1885, yana ɗan shekara 19. Kafin rasuwarsa a 1931 ya ɗauki fiye da 5,000.

Na ce ai mu da ke da waya, wannan ba wani aiki ba ne. Na sayi ɗan gilashin da ake maƙala wa kyamarar waya, na yanko baƙin ƙyalle, na fita.

Ashe ban san dawan garin ba. Ƙyallen daga ɗaki mai ɗumi na fito da shi, duk ƙwayar da ta sauka sai ta zama ɗigon ruwa. Shi Bentley a rumfar da ba a hura wuta yake aiki, kayansa duka sun yi sanyi ƙalau. Daga nan na riƙa barin ƙyallen ya kwana a baranda.

Ranar da na fara samun mai kyau ba zan manta ba. Rassanta shida, kowanne da 'yan ƙananan rassa kamar ganyen dabino. Na sunkuya don in gyara wayar, na saki numfashi, nan take gefunan suka lanƙwashe, ta tafi. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa Bentley yake riƙe numfashi, yana ɗaga ƙwayar da tsinken tsintsiya, yana kwantar da ita da gashin talotalo. Ni dai tsinken sakace na samu, ya kuma yi mini aiki.

Kuma ba kowace dusa ake fita wa ba. Idan sanyin bai yi nisa ba, dunƙule-dunƙule take zubowa kamar auduga. Masu siffar tauraro sun fi fitowa idan ma'aunin sanyi ya kai wajen digiri 15 na Celsius ƙasa da sifili, abin da masanin nan na Japan, Ukichiro Nakaya, ya tabbatar tun shekarun 1930. A irin wannan sanyin batirin waya kan mutu da wuri, yatsu kuma su ƙi lanƙwasuwa, shi ya sa nake ɓoye wayar a ƙirji sai na ga ƙwayar da nake so.

Hunturun gaba ɗaya hoto uku kacal na samu da zan iya nunawa. Na tura wa Inna ɗaya. Ta kira ni tana tambaya wane mai ɗinkin hula ne ya zana wannan, a yi wa Baba irinsa.